Mai ƙanƙara da layin Katsina: yadda kasafin kuɗin ƙasa ya iso har cikin firigo

Asalin lamarin, kafin Oktoban 2022

Mutumin da zan yi magana a kansa ba zan faɗi sunansa ba, magidanci ne a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Damagaram, mata biyu da yara, ga tsohuwarsa tana zaune tare da su. Sana'arsa ƙanƙara. Firigo shida gare shi irin manyan nan na kwance, a wani shago da ke jingine da zauren gidansa, yara biyu na ƙulla ruwa a leda, wasu uku na ɗauka a kula su kai Kasuwar Dole da tasha da wajen masu lemu da masu kifi. In wuta ta zauna lafiya yakan fitar da ƙulli wajen 400 a rana, kowane ƙulli dala biyar (sefa 25), wato jika goma (sefa dubu goma) kenan, a ciki zai biya faktir ɗin wuta da na ruwa da leda da yaran, abin da ya rage shi ne cefane. In azumi ya faɗo cikin zafi kuwa ƙulli kan kai dala goma har ya wuce, to a wannan wata guda ne yake haɗa kuɗin hatsin shekara.

Wutar da yake aiki da ita ba a Damagaram ake yin mafi yawanta ba, abin da da yawa daga cikinmu ba mu damu da shi ba sai da ta ɓaci. NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, na sayo wuta daga Najeriya, wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi a wancan lokaci. Yamai da Doso suna kan layin da ya taso daga Birnin Kebbi, mu nan da Maraɗi muna kan layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, sannan ya rabu. Dalilin sayowar ba ɓoyayye ba ne, wutar ruwa ta madatsar Kainji ta fi wutar inji araha nesa ba kusa ba, kuma hulɗar ta daɗe, tun shekarun 1970 ake yin ta, hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya ma tun 1971 aka kafa ta, ofishinta na Yamai.

Damuwarsa a lokacin ba ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba ce. Raunin wuta ne. Daga watan Maris zuwa Yuni in kowa ya kunna fanka da kilim, sai wutar unguwar ta yi sanyi, kwan fitila ya yi ja, injin firigo ya dinga ƙugi ya kasa tashi, in aka yi rashin sa'a ya ƙone. Tiransifoma guda ce ke ɗauke da unguwar tun gidaje ba su kai rabin na yanzu ba. A bazarar 2022 inji biyu suka ƙone masa.

Oktoba zuwa Disamba 2022: an bi ta hannun depite

Shi da wasu masu ƙananan sana'o'i na unguwar, mai walda, mai injin markaɗe, teloli biyu da mai gyaran firigo, suka haɗu suka ce tunda majalisar dokoki za ta yi zaman kasafin kuɗi kamar yadda ta saba, bari a rubuta takarda a ba ɗan majalisar yankin, wato depite. Wani malamin lakkal ya rubuta musu da Faransanci, buƙata biyu kawai, a ƙara tiransifoma a unguwa, sannan a tambayi gwamnati me ake ciki game da samar wa jihar Damagaram wutar kanta. Sun sami depiten a gidansa wata Juma'a bayan masallaci, ya karɓe su hannu bibbiyu, aka kawo ruwa, ya karanta takardar a gabansu.

Abin da ya gaya musu shi ne ya fi tsaya wa mai ƙanƙarar a rai, don ya sha maimaita mini shi. Ya ce musu, "Alhaji, ni ba zan yaudare ku ba, kasafin nan gwamnati ke rubuto shi, mu dubawa muke. Doka ta hana ɗan majalisa ya kawo gyaran da zai ƙara kashe kuɗi sai in ya nuna inda za a samo kuɗin ko inda za a rage." Kuma gaskiya ya faɗa, haka tsarin mulkin 2010 ya tanada. Ma'ana in yana son a ƙara wa wutar Damagaram wani abu, sai ya miƙe cikin 'yan majalisa sama da 160 ya ce a cire daga tsaro ko daga ilimi ko daga lafiya, to wa zai iya faɗin haka a shekarar da ake kai hare-hare a Tilaberi da Difa, kuma ba a manta da yaran da gobara ta cinye a azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021 ba, shugaba Bazoum ya riga ya ɗauki alƙawarin gina azuzuwa da makarantun kwana na 'yan mata. Kowane ɓangare da hujjarsa mai ƙarfi.

Ya ƙara musu da cewa manyan ayyukan wuta ma ba da kuɗin cikin gida ake yin su ba, yawanci bashi ne da tallafi daga Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai da sauransu. Madatsar Kandaji da ake ginawa a jihar Tilaberi, mai megawat 130, haka ne. Babban layin nan na kilobolt 330 da zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu da arewacin Benin, wanda aka ƙaddamar a farkon 2022, shi ma haka. Duka biyun kuma can yamma suke. Ita tiransifoma ta unguwa kuwa ba ta ma da layi a kasafin ƙasa, harkar kamfanin wuta ce da nasa tsarin.

Mai walda ya tayar da maganar da kowa ke yi a fada da majalisar shayi, ya ce ranka ya daɗe ga matatar mai ta SORAZ nan a bayan gari tun 2011 tana tace ganga dubu 20 a rana, doka ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake samu a harkar mai a mayar wa yankunan da abin ya shafa, ina namu yake shiga. Depiten ya ce zai yi tambaya a kwamiti, kuma daga baya ya aiko cewa ya yi. A watan Disamba aka amince da kasafin 2023, kusan miliyar 3,291 na sefa. Mai ƙanƙara ya saurari wani ɓangare na muhawarar a rediyo yana ƙullin ruwa, ya ji ana ta ambaton miliyoyi da miliyar, unguwarsu dai ba ta sami komai ba a wannan zagaye. Suka ce a bari sai zama na gaba.

Yuli zuwa Oktoba 2023: wuta ta tafi

Zama na gaban bai zo ba. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, aka rushe majalisa. Ranar 30 ga wata CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take turowa, aka rufe iyaka. Garin ya koma kan injunan da ke cikin gida, ana rarraba wuta unguwa unguwa, wata rana a samu awa huɗu ko biyar wata rana ko ƙyalli babu. Ga mai fanka wannan wahala ce, ga mai ƙanƙara mutuwar sana'a ce, saboda ruwa ba ya daskarewa da guntu-guntun wuta, sai firigo ya ɗauki dogon lokaci yana aiki ba yankewa, in ya fara kamawa aka ɗauke to an koma baya. A satin farko abin da ya fitar bai kai kwata na da ba. Ruwan famfo ma ya ƙara wuya tunda da wuta ake turo shi daga rijiyoyin bayan gari, sai ga shi yana sayen jarka wajen 'yan garuwa don ya ƙulla ruwan da ba shi da tabbas zai daskare.

A watan Oktoba sabuwar gwamnati ta sake fasalin kasafin shekarar, ya sauko daga miliyar 3,291 zuwa wajen 1,981, ragin kashi 40 cikin 100, don masu ba da tallafi da bashi sun dakatar. Kamfanin China da ke aikin Kandaji shi ma ya tsayar da aiki tun Agusta. Wannan karon ba muhawara, da dokar shugaban ƙasa aka fitar da kasafin. A watan ne kuma aka kafa asusun ceton ƙasa, ana cire dala biyu a kiran waya da sayen intanet, mai ƙanƙara ya ce shi bai ƙi ba, ya ma kai nasa gudummawar, amma firigonsa shida suna nan a buɗe yara na wasan ɓuya a bayansu.

Abin da ya gwada bai yi ba

Farko ya aro ƙaramin gurup, wato injin ba da wuta, mai shan esansi wajen ƙanin matarsa. Da a ce shekarar da ta gabata ce da ya sha da sauƙi, don man 'yan ruwa-ruwa da ake shigowa da shi ta Magarya da Ɗan Barto ya fi na gidan mai araha, amma tun 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya kwalbar ruwa-ruwa ta daina zama ta talaka, ga iyaka a rufe kuma. Gurup ɗin ma firigo biyu kawai yake iya ja, na uku in ya tashi sai ya shaƙe ya mutu. Sati uku ya mayar.

Sai ya sayar da raguna biyu da mashin ɗinsa ya sayi tsohon gurup mai gazuwal. Wannan ya ja duka shidan, amma ga lissafin: lita ɗaya da rabi a awa, awa takwas a rana lita 12 kenan, litar gazuwal a lokacin sefa 668, wato sama da jika takwas a rana kan mai kaɗai, cinikin da bai wuce jika goma ba. Ya ƙara kuɗin ƙulli zuwa dala goma, masu lemu suka rage saye tunda su ma ciniki ya faɗi, sanyi kuma ya fara shigowa daga Nuwamba. Wata biyu yana aiki wa gidan mai, ga maƙwabta na ƙorafin ƙara da hayaƙi, tsohuwarsa ba ta iya barci. Ya kashe shi.

Ya je neman bashi a banki, aka ce masa a halin da ake ciki ba a ba da sabon bashi, a lokacin ko kuɗinka na ajiya sai an ƙayyade maka abin da za ka cira saboda takunkumin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ya taɓa bankuna.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ba shi haushi don shi ya jawo wa kansa. Wani ya ba shi shawara ya sayi fano biyu na hasken rana da batiran mota da ƙaramin inbata, na'urar da ke juya wutar batiri ta zama irin ta gari, a kasuwa, ya haɗa da kansa. Injin firigo lokacin da zai tashi yana zuƙar wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita, inbatan bai iya ɗauka ba, kwana tara ya ƙone. Batirin mota kuma ba a yi shi don a zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba, ga zafin shago, cikin wata biyu suka daina riƙe caji. Kuɗin adashen uwargidansa ne ya tafi a nan, kuma maganar ta daɗe ba ta mutu a gidan ba.

Janairu zuwa Maris 2024: abin da ya yi aiki

Mai gyaran firigon nan da suka je wajen depite tare shi ne ya zaunar da shi. Yaro ne a kansa, ya yi makarantar koyon sana'a, ya ce masa "Baba, ka daina neman tayar da shida, ka tayar da biyu su yi aiki sosai." Tsarin da ya zana masa ba wani abin mamaki ba ne amma kowane sashe da dalilinsa. Fano takwas a kan rufi da inbata mai ƙarfin da zai jure tashin inji, a kunna firigo ɗaya a jira 'yan mintoci sannan a kunna na biyu, kada su tashi tare. Batiri kaɗan kawai, don batiri ne ke cin kuɗi kuma shi ne ke fara mutuwa, maimakonsa sai a jera robobin ruwan gishiri a ƙasan firigo, da rana su daskare da dare su riƙe sanyi, ya ce sanyin za ka ajiye ba wutar ba. In wutar gari ta zo da dare sai a juya kanta. Aka fitar da firigon daga jikin bangon da rana ke duka, aka yi rumfar zana a saman kwanon shagon, aka canza robar murfi, aka kuma hana yara buɗewa sai sau biyu a rana, asuba da la'asar. Ƙullin ma aka rage masa girma don ya yi saurin kamawa.

Kuɗin fa. Shi kaɗai ba zai iya ba, ya riga ya ƙone abin da yake da shi. Sai teloli biyun da wani mai cajin waya suka shigo, tunda kekunan ɗinki da caja ba sa cin wuta sosai kuma da rana suke aiki, aka yi yarjejeniya a gaban mai unguwa da limami, kowa ya zuba gwargwadon abin da zai ja, aka rubuta a takarda har da wanda zai riƙa wanke fano duk bayan kwana biyu saboda ƙurar hunturu, don ƙura kaɗai tana iya rage wutar sosai. Shi ya sayar da gurup ɗin gazuwal da firigo biyu cikin shidan ya cika nasa kason. Kayan sun yi tsada tunda hanyar Kano a rufe take a hukumance, ta Kwatano ma haka, amma an samu.

A ƙarshen Fabrairu ya fara fitar da ƙulli wajen 150 a rana, bai kai rabin na da ba, sai dai babu kuɗin mai kuma kullum akwai. Azumi ya kama wajen 11 ga Maris cikin zafi mai tsanani, ƙanƙara ta yi daraja, masu saye suka dinga layi a ƙofarsa tun kafin la'asar saboda sun san nasa ba ya yankewa. A wannan wata ya biya uwargida kuɗin adashenta.

Daga Maris 2024 zuwa 2025

Ranar 24 ga Fabrairu 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumi a taronta na Abuja, a cikin Maris Najeriya ta maido da wuta, iyaka ta buɗe. Ya tayar da sauran firigo biyun a kan wutar gari, biyun farko ya bar su a kan rana. A Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin mai, esansi ya koma 499 gazuwal 618, bai shafe shi ba don ya rabu da gurup. A Maris 2025 da aka yi ƙarancin esansi a ƙasa, cikin azumi kuma, masu ƙanƙarar da suka dogara da gurup sun sha wuya, shi bai tsaya ba. Bayan nan aka ji cewa wutar da Najeriya ke turowa ta ragu daga megawat 80 zuwa 46, aka koma rabon wuta, firigonsa biyu na wutar gari suka koma aiki rabi da rabi.

Ta fuskar siyasa kuwa abubuwa sun yi nisa, Nijar da Mali da Burkina sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, a Satumban 2023, sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, a Nijar an kuma kafa majalisar tuntuɓa a 2025 mai ba da shawara, amma kasafin kuɗi da dokar shugaban ƙasa yake fita. Takardar da suka kai wa depite a 2022 tana nan kofinta a aljihun mai walda. Tiransifomar ba a ƙara ba har lokacin da nake wannan rubutu.

Abin da na gani a lamarin

Ni a ganina depiten bai ci amanarsu ba, sun kai kuka inda ba a iya share hawayen ne. Tiransifoma ba aikin majalisa ba ce, da sun bi ta magajin gari da kamfanin wuta da wataƙila sun fi kusa da biyan buƙata. Amma tambayarsu ta biyu, wato me jihar za ta yi in layin Katsina ya tsaya, wannan tambayar majalisa ce tsantsa, kuma wata bakwai bayan an amince da kasafin ta zama tambayar ƙasa gaba ɗaya. An yi shekaru ana amincewa da kasafin da kaso mai yawa nasa alƙawarin waje ne, ana kuma dogaro da wutar da makunninta ke wata ƙasa, abu biyun suka tafi a wata guda. Wannan ne ya kamata a ce an yi ta ja-in-ja a kansa a zauren tun da sauran lokaci, ko da za a ɓata wa juna rai.

Ban yarda da masu cewa a yanke hulɗar wuta da Najeriya ba. Wutar Kainji ta fi araha, kuma Damagaram da Kano da Daura kasuwa ɗaya ce tun kafin a ja iyaka, hanyar da ta taso daga Aljeriya ta bi Agadas da Tanut ta nan take wucewa zuwa Kano. Can ma suna da masu ƙorafi, 'yan majalisarsu sun sha tambayar dalilin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da kuɗin Najeriya, wasu na cewa me ya sa za a tura wuta waje alhali gida ba ta isa ba. Kowane ɓangare yana da masu ganin maƙwabci ne ke cin riba. Abin da ya kamata mu nema shi ne yarjejeniyar da rikicin siyasa ba zai kashe makunni ba, sannan a nan gida a sami ƙafa ta biyu, rana muna da ita har ta yi yawa, matatar mai tana bayan gari.

Nasarar mai ƙanƙara kuma kada a ɗauke ta fiye da yadda take. Ya tsira ne don yana da firigon sayarwa, da rufin kansa, da maƙwabtan da suka amince da shi, da yaron da ya san aikin. Mai injin markaɗen da suka je wajen depite tare ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, injinsa ya fi ƙarfin fano takwas, ya rufe a Disamban 2023 ya tafi Agadas neman aiki. Mai walda yana nan yana aiki da tsakar dare duk ranar da aka kawo wuta. Cikin yara biyar da ke aiki a shagon ƙanƙarar uku ne suka dawo, kuma batiran da aka saka a Fabrairun 2024 sun fara rauni, mai gyaran ya ce a shirya kuɗin canji kafin azumi mai zuwa, su huɗun sun fara zuba jika bibbiyu duk sati a hannun mai unguwa.